Kafin ki hau kujerar shugabar sashen kwamfuta

Wata ƙanwata daga Gusau ce ta aiko da tambaya. Shekararta 11 tana aiki a sashen kwamfuta na wata babbar makaranta. Shugaban sashen zai yi ritaya, an kira ta an ce ita ake so ta gaje shi. Abokan aikinta maza sun fara gunagunin cewa wannan ba aikin mace ba ne, maigidanta yana fargabar kiran tsakar dare, ita kuma tana jin ana cewa aikin ya canza, ba wanda ta sani ba ne. Ta rufe da cewa: "Yaya, in karɓa ko in ba da haƙuri? Kuma mene ne ainihin aikin a yanzu?"

Wa alaikis salam, ƙanwata. Ki karɓa. Na sa wannan a gaba ne don kada tsawon bayanina ya sa ki zaci ina jan ƙafa. Amma akwai karɓa akwai karɓa. Na ga matan da suka amshi irin wannan kujera hannu bibbiyu, kafin shekara ta zagayo aka jibga musu laifin ɓarnar da aka tafka tun ba su zo ba. Don haka ki ba ni aron hankalinki, zan fara da tambayarki ta biyu, domin amsar ta farko tana cikinta.

Lokacin da na kama aiki, a farkon shekarun 2000, sashen kwamfuta ɗaki ne guda mai na'urar sanyi, ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa saboda ƙurar hunturu. Shugaban sashen, duk yawan takardunsa, a idon ma'aikata mai gyara ne. Firinta ta cije takarda, a kira shi. Kwamfutar sakatare ta kamu da bairos, a kira shi. In manya za su zauna, yakan shiga ya haɗa majigi ya fita tun ba a buɗe taro da addu'a ba. Kuɗin sashensa yana hannun wani, ko rajistara ko ma'aji, in yana son batir guda sai ya rubuta takarda ya zauna jira.

Sannu a hankali kuɗi da sunayen mutane suka tare cikin kwamfuta. A 2014 bankuna suka fara BVN. A 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta gaba ɗaya, a shekarar ce kuma aka tilasta wa hukumomin tarayya asusun bai-ɗaya, kuɗi suka koma bi ta manhajar biyan kuɗi ta Remita. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Ki dubi makarantarku yau: ɗaukar ɗalibai, biyan kuɗin rajista, rabon ɗakin kwana, sakamakon jarrabawa, takardar shaidar gama karatu, albashi, duk ta ɗakinku suke wucewa. Ranar da shafin rajista ya tsaya, makarantar ce ta tsaya, kuma iyayen da suka sayar da buhun masara suka biya kuɗi ba ruwansu da sunan na'urar da ta lalace.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hali su suka raɗa wa kujerar suna. Tun farkon shekarun 1980 aka fara jin CIO a Amurka, wato babban jami'in da ke riƙe da bayanai da fasahar ma'aikata, har a 1996 majalisarsu ta yi dokar da ta wajabta wa manyan ma'aikatun tarayya naɗa shi. A bankin JPMorgan Chase, wanda ya fi kowane banki girma a can, mace ce a kujerar tun 2017, Lori Beer. Tana cikin kwamitin da ke tafiyar da bankin, kuma abin da suka ware wa fasaha a 2024 ya kai dala biliyan 17. A nan ba lallai a kira ki da wannan suna ba, za a ce darakta ko shugabar sashe, amma nauyin iri ɗaya ne, ma'auni ne kawai ya bambanta.

Ni ban gane aikina ya canza ba sai a watan Satumba na 2021. Kina gari, kin san abin da ya faru. Gwamnatin jihar Zamfara ta nemi a katse layukan waya saboda 'yan bindiga, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba kamfanoni umarni, aka wayi gari babu kira babu data a duk ƙananan hukumomi 14. Masu POS suka rufe rumfa. Mai son tura kuɗi ko jin muryar ɗansa sai ya hau mota ya nufi Sakkwato ko Zariya, wasu kuma su ba direba wasiƙa kamar zamanin iyayenmu. Sai farkon Oktoba aka maido wa Gusau, sauran garuruwa suka ci gaba da jira.

A lokacin ina shugabantar sashen a wata cibiya. Ranar aiki ta farko bayan katsewar shugabanmu ya tara mu. Ma'aji ne ya fara juyowa wajena ya ce, "Hajiya, albashi hwa?" Wani ya ce akwai rahoton da Abuja ke jira kafin ƙarshen mako. Wani ya ce shi dai a san yadda za a yi ofishinsa ya samu intanet. Abin da muke da shi kawai wani tsohon faifan tauraron ɗan'adam ne a bayan ofis, wanda shekara biyu a jere ana neman soke kuɗin hayarsa daga kasafi, wai ɓarna ce tunda layin kamfanin waya ya fi shi arha da sauri. Sau biyu ina tsayawa a taron kasafi ina roƙon a bar shi. Ƙarfinsa kaɗan ne, ba zai ɗauki kowa ba. Sai aikin ya koma rabo. Na ɗauki takarda da biro na zauna da ma'aji da rajistara muka jera abin da in ya tsaya mutane za su kwana da yunwa, da abin da in ya makara za a hukunta mu, da abin da zai iya jira. Kwamfuta uku kacal muka jona, muka manna jadawali a ƙofa, kowane ofishi da sa'arsa. Ofisoshin daraktoci duka na cire su, har da na wani dattijo da ya haife ni a shekaru, wanda ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwata. An biya albashi a kan lokaci.

A duk makonnin nan ban taɓa sukudireba ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi amfani shi ne sanin cibiyar ciki da bai, da iya ce wa babba a'a cikin ladabi, da kuma gardamar da na yi a ɗakin kasafi tun shekara biyu baya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan wannan an sha maimaita darasin. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, manhajojin bankuna da dama sun kasa ɗaukar cunkoso, mutane suka koma OPay da Moniepoint. A Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Abidjan, intanet ya yi rauni a Afirka ta Yamma. A Yulin shekarar, gyaran manhaja guda na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfuta kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi. A kowanne, tambayar da ake yi wa mai kujerar ita ce: wa ya yanke shawarar mu rataya a igiya ɗaya?

Yanzu ga gunagunin abokan aikinki. Na san kalmomin ma, domin a gabana wani ya taɓa cewa, "To in eriya ta lalace cikin dare, wa za ya hau ƙarhe, ita?" Ki tambaye su yaushe rabon shugabanku mai barin gado da hawa ƙarfe. Hawa ƙarfe aikin masu fasahar hannu ne, aiki ne mai daraja, kuma shugaban da har yanzu shi ke hawa da kansa bai horar da kowa ba ke nan. Suna auna ki ne da aikin da ya riga ya bar wannan kujera.

Sai dai kada ki ɗauki wannan a matsayin izinin sakin ilimin fasaha. Za a gwada ki fiye da yadda za a gwada namiji, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Ɗan kwangila zai zuba miki Turanci mai kauri ya ga ko za ki ɗaga kai kawai. Wani na ƙasa da ke zai ce "saba ce ta faɗi" (saba ita ce babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan ma'aikata) ya zuba ido ya ga ko za ki nemi ganin rajistar abin da ya faru. Ki nema. Ki zauna kusa da shi ku karanta tare. Ki san zanen hanyar sadarwar makarantar kamar yadda kika san hanyar gidanku, daga inda layi ya shigo har zuwa ofishi na ƙarshe. Sau biyu ko uku za ki yi haka gwajin ya ƙare.

Matan da suka riƙe abin da ya fi wannan ba a nesa suke ba. Lokacin da aka ƙirƙiri Ma'aikatar Fasahar Sadarwa a 2011, mace aka fara ba wa, Omobola Johnson, kuma a zamaninta aka fitar da tsarin faɗaɗa intanet mai sauri na 2013 zuwa 2018. Funke Opeke ta kafa MainOne ta shimfiɗo wayar ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, ta fara aiki a 2010, daga baya kamfanin Equinix ya saye shi a kan dala miliyan 320. A 2023 aka naɗa Abisoye Coker-Odusote shugabar NIMC, wato rumbun da NIN ɗinki da nawa da na masu gunagunin ke ciki. A shekarar ce kuma Doreen Bogdan-Martin ta zama mace ta farko da ta shugabanci hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda aka kafa tun 1865. Za a ce miki waɗannan mutanen Legas ne da Turawa. Sai ki ambaci Rakiya Mohammed, wadda ta karanci kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta riƙe tsaron bayanai na Babban Bankin Najeriya, sannan ta zama daraktar fasahar sadarwa ta bankin, kuma tana kan kujerar aka ƙaddamar da eNaira, wato nairar da ake kashewa ta manhajar waya, a Oktoban 2021. Ki lura da hanyar da ta bi, ta tsaro ce, ɓangaren da aka fi cewa na maza ne. Ita eNaira ɗin ma akwai darasi a cikinta: manhajar ta tashi, amma ki shiga kasuwar Gusau ki nemi mai karɓarta. Abu yana iya aiki daidai a kwamfuta alhali mutane ba su ga buƙatarsa ba, kuma tambayar "wa zai yi amfani da shi, don me?" tana cikin aikinki tun kafin a kashe kwabo.

To, ina ainihin katangar take? Tana wurin da ake yanke shawara, kuma a garuruwanmu sau da yawa ba a ɗakin taro ake yankewa ba. Ana yankewa ne a majalisar bayan isha'i, ko a zauren shugaba, ko a kan hanyar fitowa daga masallaci. Ke ba kya wurin, ba kuma zan ce ki je ba. Taron safiya yakan zama karanta abin da aka riga aka gama da dare.

Wannan ya taɓa cina. Wata rana na zo ofis na tarar an sauke kwalaye, an ce an sayo mana sabuwar manhajar adana bayanai, mu karɓa mu sa hannu. Ban ga takardar kwangilar ba sai bayan wata uku, da na gani kuwa jikina ya yi sanyi. Bayananmu suna kan sabar ɗan kwangilar ne, babban mabuɗin shiga yana hannunsa shi kaɗai, babu ko layi ɗaya da ya ce bayanan mallakarmu ne. Da aka samu saɓani kan ragowar kuɗinsa sai ya kulle, a daidai makon da aka fi buƙata. Ni aka kira gaban manya in yi bayani, ni da ba na nan aka ƙulla. Na yi kuka a mota ranar, ba zan ɓoye miki ba. Washegari na rubuta takarda mai shafi biyu, na jera abin da ya faru da kwanan wata ba tare da zagin kowa ba, na nemi abu guda: daga yau kada a sayi wani abin da ya shafi kwamfuta ko bayanai sai da rubutaccen ra'ayin sashenmu a cikin fayil. Aka amince, domin kowa ya ji jiki.

Tun daga nan na gane cewa takarda ita ce majalisar mace a ofis. Abin da aka ƙulla da baki da dare, in ya zo da safe ya tarar da ƙa'ida a rubuce, da kwamiti, da bayanin taro mai sa hannu, dole ya bi layi. In makarantarku ta tarayya ce, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 tana bayanki, ki karanta ta da kanki, ki nemi a riƙa gayyatarki zaman kwamitin tanda mai ba da kwangila duk lokacin da abin ya shafi sashenki. Ki koyi karanta kwangila kamar yadda kika koyi karanta lambobin manhaja. Wa ya mallaki bayanan? Ina suke ajiye? In muka rabu, a wace siffa za a miƙo mana su, cikin kwana nawa? Wa ke riƙe da babban mabuɗi? Da wane kuɗi za a sabunta lasisi? Wannan ta ƙarshe ta karya sassa da yawa. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Duk wanda ya sa hannu a kan lasisin dala da kasafin naira ya ga kuɗinsa ya ninka uku yana zaune.

Kina kuma buƙatar wanda zai ambaci sunanki da alheri a inda ba kya nan. Mai ba da shawara daban, wannan daban. Ki nemi dattijo ɗaya ko biyu cikin manya masu mutunci, ki riƙa sanar da su abin da kike shirin kawowa tun kafin taro, a ofis, da rana, ƙofa a buɗe, in da hali da wani ma'aikacinki a tare. Kin san garinmu, kin san baki. Ki tsare wannan tun ranar farko.

Saboda haka kafin ki ce na karɓa, ki koma wajen wanda ya kira ki da tambayoyi. Wa zan riƙa kai wa rahoto, shugaban makaranta kai tsaye ko ta hannun wani? Ina da wurin zama a taron gudanarwa, ko sai an aiko a kira ni? Sashen yana da layinsa a kasafi wanda ni zan kare kuma ni zan ba da bahasi a kansa? In an ce riƙon ƙwarya ne, zuwa yaushe? Na san mata da suka shekara huɗu suna riƙon ƙwarya, suna gyara wuri, ranar tabbatarwa aka kawo wani. Muƙami ba tare da kasafi da wurin zama ba riƙon ƙaho ne wani na tatsa. Ba lallai ki samu duka a rana ɗaya ba, makarantu suna da tsarinsu da ba mutum ɗaya ke sauyawa ba. In aka ba ki biyu aka yi alkawarin sauran a rubuce, ki shiga. In aka hana ki duka aka ce ke dai ki karɓa, a nan ne kawai zan ce ki ba da haƙuri, ki kuma rubuta dalilinki cikin ladabi, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ki kuma tambayi kanki a wane hali kujerar take. Ritaya dalili ne mai tsabta, amma mai ritaya yakan tafi da rabin sashen a kansa. Kada ki sa hannu a takardar miƙa ragama mai shafi ɗaya. Ki nemi jerin kowace na'ura da inda take, kowace kwangila da ranar ƙarewarta, kowane bashi, kowane mabuɗi. Ki binciki da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin makaranta, domin sau da yawa za ki tarar yana kan imel ɗin wani tsohon ma'aikaci da ya bar gari. Ki duba shekarun baturan inbata da ƙarfin sola, tunda ba a gina aiki a kan wutar Kaduna Electric kaɗai. Ki gayyaci odita na cikin gida ya shaida abin da kika tarar. Wannan ba rashin kunya ba ne ga wanda ya horar da ke, kariya ce gare ku duka biyu.

Akwai nauyin da shugabanku bai fara aiki da shi ba amma ke da shi za ki fara, wato doka. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC. In aka yi kutse ko bayanai suka fita ta yadda zai iya cutar da masu su, sa'a 72 gare ku ku sanar da hukumar. Manyan masu riƙe bayanai dole su naɗa jami'in kare bayanai, kuma tararsu tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. A 2024 hukumar ta ci wani banki tarar da ta haura naira miliyan 500. Hotunan 'yan mata ɗalibai, lambobin wayarsu, adireshin iyayensu a ƙauyukan da kin san halin da suke ciki, duk suna hannunki. A jihar da ake sace mutane, jerin sunaye da adireshi ba ƙaramin abu ba ne, amana ce da za a tambaye ki a kanta nan da gobe kiyama. Akwai kuma masu kutsen da ke kulle fayilolin ma'aikata su nemi kuɗin fansa, mu kam ba sai an fassara mana wannan ba. Maganinsu kwafin ajiya ne da ke wani wuri dabam, wanda ba ya jone da sauran, wanda kuma ake gwada dawo da shi lokaci-lokaci. Sai ƙirƙirarriyar basira: ma'aikatanki sun riga sun fara zuba takardun ofis a ChatGPT don ya gyara musu Turanci. Hanawa ba za ta yi aiki ba. Ki rubuta musu shafi ɗaya da ke cewa ga abin da za a iya sawa, ga abin da ba a sawa ko da wasa.

Amma ɓarnar da ta fi yawa daga cikin gida take fitowa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sauya maki, saka sunan da bai ci jarrabawa ba, ma'aikatan bogi a takardar albashi. Kowane ma'aikaci ya kasance da nasa mabuɗin, kada mutum biyar su yi tarayya a kalmar sirri ɗaya, kuma duk abin da aka taɓa ya bar sawu: wa ya taɓa, yaushe, me ya sauya. Ki tsara shi ta yadda ke kanki ba za ki iya sauya maki ke kaɗai ba. Wannan zai cece ki, domin za a zo. Namiji akan tare shi ne a majalisa a ce a taimaka wa yaron nan. Ke kuwa za a bi ta wajen maigidanki, ko mahaifinki, ko gwaggonki, a turo wanda ba ki iya haɗa ido da shi. Ranar da kika iya cewa "Baba, wallahi ko na so ba zan iya ba, sai mutum uku sun sa hannu kuma na'ura tana rubutawa," kuma maganar gaskiya ce, kin huta.

Batun maigida, fargabarsa tana kan hanya, kada ki ɗauke ta hassada. Garin nan ba wurin fitar dare ba ne ga mace ko namiji. Ku zauna ki faɗa masa yadda abin yake ba ragi. Yawancin matsalar dare yanzu daga gida ake dubawa ta kwamfuta. Za ki yi jadawalin masu jiran kira, a san wa ke kai kowane mako, da abin da zai iya yankewa shi kaɗai da abin da sai ya tashe ki. Lokacin rajista da lokacin fitar sakamako za ki makara, ki faɗa masa watannin tun yanzu. In fita ta zama dole, motar ofis da direba da mai gadi, ki sa wannan ma cikin abin da za ki nema a rubuce. Haihuwa kuwa, ma'aikatan tarayya aƙalla mako 16 ƙa'idar aikin gwamnati ta ba su, ki tafi hutunki cikakke. Sashen da zai rushe don shugabarsa ta yi wata huɗu ba ta nan dama can a rushe yake, shi ya sa daga watan farko za ki fara rainon mataimaki, ko da cikin masu gunagunin ne. Wanda ya fi su ƙwarewa, ki ba shi aiki mai nauyi da sunansa a kai, ki yaba masa a gaban manya. Da yawansu tsoron a manta da su ne ke sa su magana.

Takardun ƙwarewa ba zan daɗe a kansu ba. Ki tabbatar da rajistarki da CPN, hukumar da ke yi wa ƙwararrun kwamfuta rajista, ki shiga ƙungiyar masana kwamfuta ta NCS. In za ki kashe kuɗi a kan jarrabawa ɗaya, CISM ta kula da tsaron bayanai ko CISA ta binciken tsarin kwamfuta sun fi dacewa da kujerar nan a kan wata sabuwar takardar haɗa na'ura. Abin da ya fi su duka, ki roƙi ma'aji ya zaunar da ke ya koya miki yadda ake haɗa kasafi da yadda ake sakin kuɗi.

Akwai abu guda da nake roƙonki don kaina. Duk shekara ana turo muku ɗalibai masu koyon aiki daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta nan gari wadda mata zalla take ɗauka. Ki lura da abin da ke faruwa a makonsu na farko. Samari a ba su filaya da waya a tafi da su ɗakin saba, 'yan mata a zaunar da su gaban kwamfuta suna buga wasiƙa da shigar da sunaye. Ba wanda ya yi niyyar mugunta, sabo ne. Amma daga wannan makon hanya ke rabuwa, bayan shekara 10 sai a ce an duba ba a samu macen da ta san tsaro ko hanyar sadarwa ba. Ni ma haka aka yi mini, sai da na yi wata shida ina naci kafin a bar ni in taɓa saba. Da kin hau, ki juya jadawalin: kowa ya zaga ko'ina, yarinya ta matse kan waya da hannunta, ta saita na'urar raba layi, ta zauna a taron da ake ciniki da ɗan kwangila ta ji yadda ake yi. Mata ma'aikatan da ke ƙarƙashinki ma kada a tare su a horarwa da kula da shafi kawai.

In kin je wajen shugaba, ki tafi da tambayoyinki a takarda ɗaya, ki bar masa kwafi. Ranar da kika karɓi mabuɗai, kafin ki sauya labule ko ki kira taro, ki ce a ɗauko kwafin ajiya na jiya a dawo da shi a kan wata kwamfuta kina tsaye kina kallo. Abin da kika gani ki rubuto mini, daga nan za mu san inda za ki fara. Allah ya yi miki jagora, ki gaida maigidan da yara.